Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa: a hau bisa dutsen Adar tun ruwa bai sauko ba

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai, da fatan Allah ya taya ka riƙon jama'a, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka. Ni tsohon malamin makaranta ne, na gama aikina a ƙauyukan jihar nan, yanzu ina zaune a Tawa. An yanke cibiyata a wani ƙauye na ƙasar Keita wanda ke manne a ƙugun dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, domin in na faɗa za a ɗauka kukan gari ɗaya na kawo, alhali mutumin Tamaske da na Garhanga da na Ibohaman, har can Buza da Allakaye, in ya karanta wannan takarda zai ce garinsu ake nufi. Na zaɓi in rubuta a fili don 'yan uwanmu da ke Yamai da Abijan da Kano su gani su ma, tunda akwai nasu kason a cikin maganar.

Bari in fara da fasalin ƙasar, don duk maganata a kansa ta rataya. Wanda ya taso daga Tawa ya yi gabas, tafiyar kilomita kamar 70 zuwa Keita, zai ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an sa wuƙa an yanke su daidai wa daida. Baƙo yakan ɗauka tsaunuka ne warwatse. Mu da muka yi kiwon awaki a kansu mun san abu ɗaya ne: tudu guda mai faɗi, wanda ruwa ya daɗe yana yanka har ya raba shi da kwaruruka. Shi ne Adar Dutsi. A wasu wurare tsayinsa ya haura mita 600 daga bakin teku. Samansa marmara ce, baƙa-baƙa ja-ja, mai tauri kamar ƙarfe, da tsakuwa shimfiɗe a kai. Nan ne fako, inda sabara da geza da anza ke fama da rayuwarsu. Daga bakin fakon sai gangare mai tsini, inda za ka ga ƙasa hawa-hawa, ga farin dutse ga laka mai ɓarewa kamar ɓawo. Muna yara mukan tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a wannan gangare, mu cika aljihu da su. Sai da na je makaranta na ji cewa a wani zamani mai nisa teku ne ya rufe wurin, kuma farin dutsen nan ɗan uwan wanda ake ƙonawa a yi siminti ne a Malbaza. Ƙasa da gangaren akwai jigawa, gonakin hatsi da wake. Can ƙarshe kuma fadama, baƙar ƙasa mai danshi, wurin dawa da damina, wurin albasa da tumatir da rani.

Kwarin Keita, kwarin Badagishiri, da Majiya wadda ke gangarawa kudu ta wuce Galmi ta nufi iyakar Najeriya, duk haka aka tsara su. Hawa huɗu ne, kuma kowane ƙauye namu yana da ƙafa a cikin duka huɗun. Yaro ya kai awaki bisa, uwa ta hau neman itace, uba yana jigawa, wa yana fadama yana ban ruwa. In dare ya yi duk tukunya ɗaya za su ci.

Me ya sa kakanninmu suka kafa gari a jikin dutse, suka bar fili? Tsofaffi sukan ce mu jikokin Azna ne, wato mazauna ƙasar nan na farko, kuma akwai zuri'o'in da har yau labarinsu na asali yake farawa da kogo. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta Illela ta samo tushe. Lisawan da ke riƙe da sarautar Keita suna cikin Buzayen da tarihinsu ya haɗu da nasa. A farkon ƙarni na 19 aka yi yaƙe-yaƙen zamanin Jelani, wani malamin Buzaye da ya ɗaura jihadi, bayansu kuma hare-haren mahaya raƙuma ba su yanke ba sai bayan zuwan Faransawa. Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki mai zurfi a kan wannan zamani. Abin da ya shafe ni a ciki kaɗan ne: mutumin da ke tsoron mahayi yakan zauna inda doki ba ya hawa da gudu, inda in an hango ƙura daga nesa za a kwashe mata da yara a haye sama. Dutsen nan shi ya ɓoye mu. Har yanzu a bayan garinmu akwai kufai a can bisa, da da'irar duwatsu inda rumbuna suka tsaya, kuma kakata ba ta taɓa wucewa ta wurin ba sai ta yi sallama.

Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma ba ya zuwa da lallashi. Hadari ɗaya na watan Agusta yana iya zubar da rabon sati uku cikin awa guda. Sa'ad da saman dutse ke da itace da ciyawa, ɗigon ruwa yakan tarar da abin da zai tare shi, ya tsaya, ya nutse, ya bi ta ƙarƙashi a hankali ya je ya cika rijiyoyin fadama. Ragowar da ta gangaro takan iso kwari a gajiye, ta bazu ko'ina, ta kwanta kwana biyu, ta bar laka mai taki. Mahaifina yakan ce fadamarmu ba ta san taki ba, dutse ke aiko mata kowace shekara.

Farin 1973 da na 1984 suka tuɓe dutsen. Na biyun shi ne mutanenmu ke kira El Buhari, don ya zo daidai lokacin da Najeriya, a mulkin Janar Buhari, ta rufe iyakarta. Ina saurayi a lokacin. Na ga mata suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sakewa, don ɗacin ya fita a samu abin ba yara. Itatuwa suka mutu a tsaye, waɗanda suka rage gatari ya bi su, saboda itacen wuta ne kaɗai abin da talaka zai kai kasuwa ya dawo da tiyar hatsi. Da ruwa ya dawo sai ya tarar da fako tsirara. Ya zuba a kan marmara kamar an zuba a kan kwanon rufi, ya taru, ya faɗo gangare da ƙarfinsa duka. Daga nan gebe ya fara. Inda muke tsallakewa da ƙafa ɗaya ya zama ramin da raƙumi zai shiga ba a ga tozonsa ba. Ruwan da ya saba bazuwa a fadama ya samu hanya mai zurfi, ya bi ta ya wuce cikin dare ɗaya, ya bar mana yashi a madadin laka. Rijiyoyi suka yi ƙasa. Maza suka kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya da Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Tafiya cirani tsohuwar al'adar Adarawa ce, amma a da mutum yakan dawo kafin shuka. A waɗancan shekaru da yawa ba su dawo ba.

A cikin wannan hali furojen Keita ya zo, a 1984, zamanin Shugaba Seyni Kountché, da kuɗin ƙasar Italiya, da FAO, hukumar noma da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan aikin, da hukumar PAM mai ba da abinci a madadin lada. Ranka shi daɗe, a ofisoshi za a nuna maka rahotanninsa, da yawan ekar da aka farfaɗo da miliyoyin itatuwan da aka dasa. Ni abin da idona ya gani zan faɗa maka. Mata ne suka yi aikin nan, don mazan ba sa gari. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan fita bayan asuba da gammo da kwano, ƙanena goye a bayanta. Su hau dutse a jere, su yini suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan layin da ma'aikata suka auna. Mota mai haƙori ta farfasa fako, su kuma su bi da hannu su gina kunya, su yi mata riga da dutse. A gangare suka haƙa ramuka jeri bisa jeri, kowane rami da ɗan itacensa, bagaruwa ko dakwara. A cikin gebe aka ɗaure duwatsu cikin ragar waya aka yi shinge, aka gina baraji a inda ya dace. Da la'asar ta sauko, tafin hannunta duk ya tsage, wuyanta ba ya juyawa, ta kawo ɗan abincin da aka auna mata ta dafa mana. Shekaru ta yi a haka. Ban taɓa jin ta kira abin da suka gina da sunan furoje ba, kullum "duwatsunmu" take cewa.

Kuma aikin ya ci. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe da kyau, domin akwai masu cewa ƙasar Adar ta mutu, a bar ta. Na ga hatsi ya yi zangarniya a saman dutse inda tun tasowata ko ƙarangiya ba ta fita. Na ga ruwa ya sake kwanciya a fadama, rijiyar da aka bari ta dawo da ruwa, mutane suka koma noman albasa har suka gina rudu suna ajiya su jira tsada. Ba Keita kaɗai ba. A kwarin Majiya tun 1975 ƙungiyar CARE da mutanen Buza suka fara dasa layukan dogon yaro don karya iska, har yau suna nan tsaye. A ƙasar Illela, wajen ƙarshen shekarun 1980, wasu manoma suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a shuka a ciki, suka dawo suka gwada. Ita ce tassa, wadda ta bi gari gari daga hannun manomi zuwa hannun manomi, ita da rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Mutane daga ƙasashe suna zuwa jihar nan koyon yadda ake tada matacciyar ƙasa.

To, shekara 40 ke nan da fara jera duwatsun nan. Waya tana tsatsa. Kunya tana cika da ƙasa, ruwa ya haye ta. Dabba ta ture dutse ɗaya, ruwan bana ya faɗaɗa wurin, na baɗi ya buɗe ƙofa. Shingen cikin gebe kuwa ba ta tsakiya ya cika karyewa ba, ta gefe ruwa ke zagaye shi, ya ci gaɓa ya bar ginin tsaye a tsakiyar yashi ba ya tare komai. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan nan ya san gyaran irin wannan ɓarna a shekarar farko aikin mutum goma ne na kwana biyu. In aka bar ta shekara biyar sai an kira injiniya da manyan motoci.

Da daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna a ƙasa baki ɗaya, na je gida. A dare ɗaya gebe ya cinye kusan rabin garkar ƙanena, wanda Inna ke goyo a bisa dutse, ya tafi da rijiyarsa ta siminti da ya yi shekara uku yana tara kuɗinta a Abijan. Da safe muka tsaya a bakin ramin, bai ce komai ba. Washegari na ce masa mu hau mu ga inda ruwan ya fito. Muka bi geben da ƙafa, muka haye gangare, muka fito fako. Can muka tarar da kunyoyi uku a jere duk sun fashe a wuri ɗaya, kuma daga ganin yadda bakin ya sule, ba fashewar bana ba ce. Ɓarakar ba ta fi taku huɗu ba. Na tsaya ina kallon duwatsun da suka warwatse, ina tunanin wataƙila wasu cikinsu a kan Inna suka hau wurin.

Bayan 'yan makonni wasu baƙi suka zo da mota duba ɓarna. Mutanen kirki ne, sun yi mana jaje, sun auna faɗin geben, sun rubuta sunayen waɗanda suka yi hasara. Na roƙe su mu hau sama in nuna musu mafarin abin. Suka dubi dutsen, suka dubi agogo, suka ce akwai garuruwa uku a gabansu kafin dare. Ban ga laifinsu ba, haka aka tsara musu tafiyar. Amma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mota a fadama take tsayawa, saboda haka ido ma a fadama yake tsayawa. Ana kawo injin ban ruwa, ana kawo iri, ana haƙa rijiya, duk a ƙasa, kuma muna godiya. Sai dai ruwan da zai cika rijiyar, da wanda zai binne ta, duka biyun daga bisa suke tasowa. Dubi barajin Ibohaman yadda yashi ke cike shi. Yashin nan ƙasar gangarenmu ce ta sauko.

Ba zan ɗora wa hukuma kaya duka ba, don mu ma da namu. Lokacin da furoje ya tafi, an bar kwamitoci a garuruwa, amma da yawa sun mutu tare da tsofaffin da ke cikinsu. Gayya ta yi rauni, matasa sun saba sai an biya kafin a ɗaga dutse. Akwai masu kwance waya daga shinge su yi darnin garka da ita. Mu kuma da ke zaune a birni, itacen da ake girki da shi a gidajenmu, wanda amalanke da manyan motoci ke shigowa da shi Tawa kullum, mun san daga inda ake saro shi. Gidana yana cikin masu saye, kuma abin yana damuna. 'Yan uwana na Yamai da Abijan, ku da kuke haɗa kuɗi ku gina masallaci da aji a gida, Allah ya saka muku, amma ban taɓa jin an yi karo-karo don gyaran kunya ba, alhali ita ke riƙe da ƙasar da masallacin ke tsaye a kai.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ƙarfin mai gari, ita ce ta mallaka. Gona tana da mai ita, garka tana da mai ita. Fakon da aka farfaɗo fa, na wa ne? Manomi yana ganin uwarsa ce ta jera duwatsun. Bafulatani da Buzu suna ganin makiyayarsu ce tun kaka da kakanni, kuma gaskiyarsu ne, da damina in gonaki sun rufe ƙasa ba su da wurin kai dabbobi sai bisa. Mai saran itace yana ganin dajin Allah ne. Kowa yana ci, ba wanda aka ɗora wa gyara. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa tun daga jiha har ƙauye don irin wannan. Ina roƙon ka sa su zauna a kan kowane fako da aka yi wa aiki, da manoma da makiyaya da mata, da sarakuna a gaba, a rubuta wa ke da hakkin ciyawa, wa ke da na itace, ina burtali ya bi, kuma wa zai fito ranar gyara. A sa matan a gaba a wannan zama, ranka shi daɗe. Waɗanda suka rage cikin masu aikin farko sun tsufa, amma sun san kowace kunya da inda take yoyo, kuma duk shekara muna binne wasu daga cikinsu.

Babban roƙona shi ne gyara ya samu gurbinsa a cikin kasafin jiha da na gundumomi, kowace shekara, ko da kaɗan ne. Na san sabon aiki ya fi daɗin buɗewa, ana kafa allo a yanke ƙyalle, gyaran tsohuwar kunya kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Amma abin da za a kashe a ɗinke ɓarakar taku huɗu bai kai kuɗin rijiyar ƙanena ba, balle gonakin da ke ƙasa da tasa. A tura injiniyoyin karkara da ma'aikatan gandun daji su bi kowane gebe da ƙafa daga fadama har fako, su ƙirga abin da ke tsaye da abin da ya faɗi. Ɗaliban jami'armu masu karatun ƙasa da noma za su iya wannan aiki tare da su, kuma da yawansu 'ya'yan garuruwan nan ne, ba sai an nuna musu hanya ba. In akwai aikin da ake biyan mutane da kuɗi ko da abinci, a fara da gyaran tsoho kafin a buɗe sabon fili, kuma a yi shi tsakanin Fabrairu da Mayu, lokacin da ɗan abin hannu zai iya tsayar da saurayi a gida. Itatuwan da ake dasawa ran 3 ga Agusta ma, a kai wasu bisa, a cikin ramukan da iyayenmu suka riga suka haƙa, waɗanda yanzu da yawa ba kowa a cikinsu.

Na ji ana cewa gani ya kori ji, shi ya sa zan rufe da gayyata. Ran da rangadi ya kai ka ƙasar Keita ko Buza, ka sa a bar maka safiya ɗaya ba taro ba jawabi. A ajiye motoci a gindin dutse. Hawan bai kai awa ɗaya ba ko ga mai shekaruna, in an fita kafin rana ta yi zafi. Daga bakin fako za ka ga garin a ƙarƙashinka da manyan rumbunansa na laka, ka ga jigawa, ka ga koren albasa a fadama, ka ga farin layin yashi ya ratsa ta tsakiyarsa, sa'an nan ka juya baya ka ga inda layin ya faro. Akwai wata tsohuwa a garinmu, ƙawar Innarmu ce, tare suka yi ɗaukar dutse. Idonta ya yi rauni amma ƙafarta na nan. Na gaya mata zan rubuta maka, ta ce in ka zo ita za ta shige gaba.

Ruwan farko yakan sauka mana a watan Yuni. Kunyoyi ukun nan har yau a buɗe suke.

Allah ya ja zamaninka, ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Adar, tsohon malamin makaranta,
Tawa.